Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Waiwaye a kan Rayuwa da Aikin Zalika Souley

Gabatarwa

Duk malamin makarantar da ya taɓa shirya wasan kwaikwayo na ƙarshen shekara, ko a Dakwaro ne, ko a Kornaka, ko a cikin birnin Maraɗi, ya san inda gizo ke saƙa ranar da za a raba wa yara matsayin da kowa zai fito. Yara maza sukan yi rububin fitowa a sarki, ko ɓarawo, ko boka, ko mahaukaci, ba tare da wani ya ji ɗar ba. Amma da an zo kan muguwar kishiya, ko matar uba mai gallaza wa marainiya, sai ƴan mata su sunkuyar da kai. Wadda ta yi ƙarfin hali ta karɓa kuwa, ba abin mamaki ba ne washegari a aiko daga gida a ce a cire ta. Tsoron iyayen ba na banza ba ne, domin sun san cewa sunan da aka laƙaba wa yarinya a dandali yakan bi ta rijiya, ya bi ta kasuwa, wani lokaci ma ya jira ta har ranar da za a zo neman aurenta.

Babu wadda ta ɗanɗani wannan ɗaci a tarihin silimar Nijar kamar marigayiya Zalika Souley, wadda ake yawan ambato a matsayin ɗaya daga cikin matan farko da suka mayar da fitowa a fim sana'a a Afirka ta kudu da Sahara. Wannan maƙala za ta dubi rayuwarta da aikinta domin ta nuna abu guda: gwanintar da ta sa finafinan Nijar suka ɗaukaka, ita ce kuma ta jawo mata zagi, saboda ƴan kallo sun kasa raba mai wasa da abin da take kwaikwayo. Wannan kuskure bai mutu tare da ita ba, kuma aji da dandalin ƙungiya su ne wuraren da ya fi dacewa a gyara shi.

Wace ce Zalika Souley?

An haifi Zalika Souley a Yamai a shekarar 1947, ta kuma rasu a watan Yuli na 2021. Ta tashi ne a daidai lokacin da silimar Nijar ke rarrafe. Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya daɗe yana ɗaukar finafinai a bakin kogin Kwara, ya jawo samari da dama cikin harkar. Daga cikinsu akwai Moustapha Alassane, wanda ya fitar da fim ɗinsa Aouré a 1962, da kuma Oumarou Ganda, tsohon sojan Faransa da ya je yaƙin Indocin, wanda Rouch ya haɗu da shi a Abidjan ya sa shi a cikin Moi, un Noir na 1958. A lokacin babu makarantar koyon fim a ƙasar, babu kamfani, babu albashi. Akwai dai kyamara ta aro, da ƴan kuɗin tallafi daga ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa, da zuciya.

Abin da ya fi kyamara wuyar samu shi ne macen da za ta yarda a ɗauke ta. Zalika tana da shekara 19 ta yarda. Ta fara da Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane a 1966. Daga nan ta zama abokiyar aikin Oumarou Ganda a Cabascabo, wanda aka nuna a bikin finafinai na Cannes a 1969, da Le Wazzou polygame, da Saïtane, da L'Exilé na 1980. Ta sake aiki da Alassane a F.V.V.A. na 1972, wanda haruffan sunansa ke nufin mata, gida, mota, kuɗi. Bayan rasuwar Ganda a ranar 1 ga Janairun 1981, ta fito a Si les cavaliers na Mahamane Bakabé, wanda ya ɗauko labarinsa daga tarihin Damagaram a farkon mulkin Nasara, da Aube noire na Djingarey Maïga, da Pétanqui na ƙasar Kodebuwa, da Mamy Wata na Moustapha Diop. Wato dai kusan duk wani mai shirya fim na zubin farko a Nijar ya nemi hannunta. Finafinan da ta yi da Ganda da Zabarmanci aka yi mafi yawansu, amma gadonsu na ƙasa ne baki ɗaya, kuma matsalolin da suka taɓo, auren dole da kishi da malaman tsibbu, babu Bahaushen da zai ce baƙi ne a gidansu.

Abin da ta yi a gaban kyamara

Labarin Le Retour d'un aventurier gajere ne. Wani saurayi mai suna Jimmy ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa. Kowa ya sa kaya, ya canja suna, ya hau doki, sai suka shiga tayar wa ƙauyen hankali kamar yadda suka saba gani a majigi. Zalika ita ce mace a cikin gungun, da sunan Reine Christine, sanye da wando da hula. Fim ɗin yana yi wa matasan da suka ɗauki kayan wasa a matsayin gaskiya dariya ne: sun sa hular kaboyi, sai suka zaci sun zama kaboyi. Abin ban takaici shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka kalle shi sun faɗa ramin da fim ɗin ke nuna musu. Sun ga yarinya cikin kayan wasa, sai suka yanke cewa halinta ke nan.

A Cabascabo, Ganda ya fito a tsohon soja da ya dawo gida da kuɗin sallama, abokan cin mushe suka kewaye shi, har aljihu ya bushe kowa ya watse, daga ƙarshe ya saɓa gatari ya nufi karkara neman na kansa. Zalika ta fito a macen bariki da ke cikin masu cin dukiyar. Matsayi ne da za a iya yin sa da sauƙi, a yi fari da ido a karɓi kuɗi a wuce. Amma fim ɗin ba zai tsaya da ƙafafunsa ba sai idan mai kallo ya yarda cewa namiji mai hankali, wanda ya ga yaƙi ya tsira, zai iya narkewa a gaban wannan mace. Ita ce ta sa aka yarda. Da ta yi wasan da sanyin jiki, da faɗuwar Cabascabo ta zama wauta kawai, ba darasi ba.

Ƙololuwar aikinta ita ce Le Wazzou polygame. Kalmar wazzou ita ce wa'azi a bakin Zabarmawa. Wani attajiri ya dawo daga Makka da laƙabin Alhaji, yana da mata biyu, sai idonsa ya faɗa kan Satou, budurwar da aka riga aka yi wa Garba alkawari. Kuɗi suka yi magana, iyaye suka juya baya ga alkawari. Matarsa ta biyu, Gaika, wadda Zalika ta fito a matsayinta, ta ƙi haƙura, ta ƙulla kashe amarya a daren biki, sai kisan ya faɗa kan ɗaya daga cikin ƙawayen amarya bisa kuskure. Wannan fim shi ne ya fara cin babbar kyautar Étalon de Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, wato ɗan Nijar ne ya fara ɗaga wannan kambi a duk faɗin Afirka.

A nan ne ya kamata mai nazari ya tsaya ya duba da kyau. Wanda fim ɗin ke tuhuma shi ne Alhaji, mai fakewa da addini yana biyan buƙatar ransa, da iyayen da suka sayar da alkawari. Amma hannun da ya yi kisa na mace ne. Bahaushe ya san wannan mace tun daga tatsuniya: ita ce mowar da ta wayi gari ta ga za ta koma bora. Gaika ba aljana ba ce. Ita ce amaryar jiya, wadda aka yi wa uwargida kishiya da ita, yau kuma ga abin da ta shayar da wata ya zo bakinta. Ƙarfin wasan Zalika shi ne ta bar mai kallo ya ga tsoron da ke ƙarƙashin muguntar. Sai dai akwai abin da za a ɗora wa masu shirya finafinan su ma. Sun soki maza da kaifin basira, amma sau da yawa mace suka ɗora wa aikin da ido ba ya mantawa, kuma mace guda suka riƙa komawa wurinta da irin wannan kaya, saboda ita ce mai yarda kuma ita ce mai iyawa. Mai kallo yakan manta da wa'azin, ya riƙe fuskar da ta yi kisa.

Ladan da ta samu

A zamanin tashenta Zalika ta wakilci Nijar a bukukuwan fim na ƙasashen waje, an ɗauki hotonta, an tafa mata. A gida kuwa labari ya sha bamban, domin mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin macen da suka gani a majigi. Wannan ba ita kaɗai ya samu ba. Thérèse M'Bissine Diop ta ƙasar Senegal, wadda ta fito a La Noire de... na Ousmane Sembène a shekarar 1966 ɗin nan dai, ita ma ta ba da labarin yadda mutanen unguwa suka juya mata baya saboda ta shiga fim.

Bayan zagi kuma sai talauci. Dalilansa a fili suke. A shekarun farko na ƴancin kai, kamfanonin Faransa biyu, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba finafinai da yawancin gidajen silima a ƙasashe rainon Faransa, kuma finafinan kaboyi da na Indiya da suke samu da araha sun fi musu riba a kan na gida. Fim ɗin da ba a nuna shi ba kuwa ba ya mayar da kuɗi, balle a biya ƴan wasa. Da kasuwar yuraniyom ta faɗi a farkon shekarun 1980, aljihun gwamnati ya tsuke. Aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994, kayan aikin fim da ake sayowa daga waje suka ninka tsada. Kaset ɗin bidiyo ya shigo gidaje, gidajen silima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Rahmatou Keïta ita ce ta tono wannan labari a fim ɗinta na tarihi Al'lèèssi... une actrice africaine na 2004, wanda aka nuna a Cannes a 2005. Ma'anar sunan ita ce ƙaddara. Fim ɗin ya iske tauraruwar a wani ƙaramin gida a Yamai tare da ƴaƴanta, babu famfo, tana fafutukar abin sawa a baki, ya kuma rufe da labarin cewa ta bar ƙasa ta tafi aikatau a ƙetare. Gwanintar Rahmatou Keïta ita ce ta jera hotunan Zalika ta da kusa da Zalika ta ranar, ta bar mai kallo ya yi wa kansa hisabi.

Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Adalci ne a faɗa cewa masu shirya finafinan ba su yi arziki da ita ba. Ganda ya rasu yana ɗan shekara 45, Moustapha Alassane kuma ya ƙare rayuwarsa a 2015 bayan shekaru yana ta ƙoƙarin kansa a Tawa. Amma sun samu suna: babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunan Oumarou Ganda take ɗauke da shi, akwai kuma kyauta mai sunansa a FESPACO. Gardin gaskiya a wannan labari shi ne jama'a, waɗanda suka sha kallo, suka yi alfahari da kambin 1972, sa'annan suka juya suka nuna wadda ta jawo shi da yatsa.

Kwaikwayo ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe

Wani zai ce ai dole a yi haka, tunda fim baƙon abu ne, kuma mace a dandali ba al'adar Hausa ba ce. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Wace ce ke yin tatsuniya da dare? Kaka ce ko uwa. Takan yi muryar kura, ta yi ta dodo, ta yi tsamin bakin Gizo, kuma babu jikan da ya taɓa gudunta da safe don jiya ta zama dodo. A watan azumi ƴan mata sukan yi tashe gida gida suna kwaikwayon zaman aure da halayen miji da mata, a ba su hatsi a sa musu albarka. A gidajen sarauta mata sun daɗe suna wasan gauta, inda suke kwaikwayon sarki da fadawansa. Ko a bori, wanda ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir suka san shi sarai, masu yin sa sun bambanta doki ko goɗiya da wanda suka ce ya hau. Ashe tunanin raba mutum da abin da ya ɗauka na ɗan lokaci yana nan a cikin harshe da al'ada tun kafin majigi.

A zamanin Seyni Kountché, da aka farfaɗo da samariya aka kuma kafa bikin matasa na ƙasa tun daga 1976, wasan kwaikwayo da Hausa ya bunƙasa a kowace jiha, ƙungiyoyi irin ta Yazi Dogo a Damagaram suka shiga rediyo da talabijin, mata kuma suna ciki. Baturiya Janet Beik ta rubuta littafi sukutum a kan wannan wasa, Hausa Theatre in Niger, a 1987. To, me ya sa majigi ya rikita abin da tatsuniya ba ta rikita ba? Saboda jika ya san kakarsa da rana, ya ga ta koma kaka. Mai kallon fim kuwa bai san Zalika ba sai a Gaika. Hoto yana kama da shaida, kuma ba ya tuɓe kayan wasa.

Sauran al'ummomi ma sun bi ta wannan turba. A Ingila ta zamanin Shakespeare yara maza ke fitowa a matsayin mata, sai a 1660 mata suka hau dandali. A Faransa, da shahararriyar ƴar wasa Adrienne Lecouvreur ta mutu a 1730, coci ya hana a yi mata jana'izar addini. A Indiya, fim ɗin Raja Harishchandra na 1913 namiji ne ya fito a matsayin sarauniya, domin an rasa macen da za ta yarda. A yau kuwa matsayin Lady Macbeth, matar da ta zuga mijinta ya kashe sarkin Sikotlan, yana cikin waɗanda manyan ƴan wasan Birtaniya ke alfahari da an ba su. Halin Lady Macbeth bai gyaru ba. Idon ƴan kallo ne ya koyi gani.

Daga Yamai zuwa Kano

Finafinan da ake kallo yau a Dakwaro, a waya ko a talabijin, mafi yawansu daga Kano suke zuwa, inda sana'ar bidiyon Hausa ta kafu tun daga Turmin Danya na 1990. A can ma sunan wasa yakan haɗiye sunan yanka. Usman Baba Pategi ya zama Samanja, Rabilu Musa ya zama Ibro, kuma sunayen sun zame musu riga ta ƙauna. Hauwa Ali Dodo, wadda ta rasu a haɗarin mota a 2010, da sunan Biba aka fi saninta. Saratu Giɗaɗo, wadda ta yi aikin koyarwa kafin ta shiga fim, ta kuma rasu a watan Afrilun 2024, ta zama Daso, ta yi suna wajen fitowa a muguwar mace. Irin waɗannan mata sukan kwashe shekaru suna bayyana wa jama'a cewa ba haka suke a gida ba, bayanin da ba a cika neman namiji ya yi ba. Batun lada ma bai canja sosai ba: a 2022 dattijuwa Ladin Cima ta koka a wata hira da sashen Hausa na BBC game da ƙanƙantar abin da ake biyan ta bayan shekaru masu yawa a sana'ar, maganar ta tayar da ƙura a Kano.

Akwai hanzarin da ya cancanci amsa. Iyaye da malaman addini suna da haƙƙin magana a kan sutura da rawa da cuɗanyar maza da mata a fim, kuma saboda irin wannan ne jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Wannan muhawara ce ta gaskiya, domin abin da jiki ya sa ko ya aikata a gaban kyamara ya faru da gaske. Amma halin da aka kwaikwaya bai faru ba. Zalika ta sa wando, wannan gaskiya ne, kowa na iya faɗin ra'ayinsa a kai. Ba ta kashe kowa ba. Haɗa waɗannan biyu shi ne zaluncin. Kuma al'ummar da ke son wasan kwaikwayo ya yi mata wa'azi a kan kishi da auren dole da cin amanar maraya ba ta da damar ƙyamar wadda ta ɗauki nauyin nuna mugun halin, domin ba a gane fari sai an ajiye baƙi kusa da shi.

Kammalawa

Abin da ya rage shi ne aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Idan an gama wasa, a fito da kowane yaro gaban jama'a, a kira shi da sunansa na yanka da na mahaifinsa, a tafa masa bayan ya tuɓe kayan wasa, domin ƴan kallo su ga an koma gida. Kada a maƙala wa yarinya guda matsayin mugunta shekara da shekaru don kawai ta iya: wadda ta yi kishiya bana, ta yi malamar asibiti baɗi. A je a gai da iyaye kafin a fara gwaji, a karanta musu labarin, su san abin da ƴarsu za ta faɗa da dalilinsa. A hana ƴan aji kiran ta da sunan wasa a filin makaranta. Idan ƙungiya ta samu ɗan abin hannu daga wasa, a raba shi a fili, mata su samu daidai da maza. Inda kuma aka samu hali, a nemo Le Wazzou polygame da Al'lèèssi a nuna su a jere a gidan matasa, sa'annan a tambayi ɗalibai wa ya yi laifi a fim na farko, wa kuma ya biya a na biyu.

Zalika Souley ta riga mu gidan gaskiya, yabo ko zagi ba ya isa gare ta yanzu sai addu'a. Amma a kowace makaranta ta gundumar Dakwaro akwai yarinyar da ke iya kwaikwayon muryar kowa a lokacin shan iska, wadda za ta sunkuyar da kai ranar rabon matsayi. Yadda za a yi da ita shi ne zai nuna ko an koyi wani abu daga abin da ya samu Zalika. Allah ya jiƙanta da rahama.